In baƙi sun ce ka zaga dasu wuraren tarihin Daura da Katsina, ga yadda nake yi

Duk wanda ke zaune Katsina ko Daura ya san irin wannan wayar. Ana saura kwana uku biki sai kaji ɗan uwa ya kira daga Jos ko Kaduna ko Legas, "gamu nan tafe, in an gama ɗaurin aure dan Allah ka ɗan zaga damu mu ga rijiyar nan ta Bayajidda da hasumiyar Gobarau, yara sun dame ni da tambaya." Kai kuma ka amsa da toh toh ba komai Allah ya kawo ku lafiya, ka kashe waya gabanka na faɗuwa, don rabonka da rijiyar, wato Kusugu, tun kuna aji biyar na firamare da aka loda ku a bayan a-kori-kura, Gobarau kuwa kullum kana wuce ta bisa mashin amma baka taɓa tsayawa ka ɗaga kai ba.

Ni haka ta faru dani karon farko, kuma na kwafsa. Kawuna ne ya zo daga Jos da ɗiyanshi uku da wani amininshi Banufe mutumin Bida, na kwashe su na fara da abun da ya fi kusa da gida wato Gobarau, daga nan tsohuwar kwaleji, washegari Daura, muka dawo muka leƙa ƙofar fada. Da dare ana cin tuwo sai autan ya ce wai Yaya, shi Korau ɗin kafin ya shiga makaranta da Sardauna ya kashe macijin ko bayan ya gama? Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, don ba laifin yaron bane ni na dama mashi lissafi. Da suka sake zuwa bayan shekara biyu na gyara tsarin, kuma shi nake bi har yau. Wuraren nan ba da kusa ko nesa ake bin su ba, da shekaru ake bin su. Daura farko, sai Durɓi ta Kusheyi, sai birnin Katsina, kwaleji ita ce ta ƙarshe. In ka bi su haka labarin da kanshi zai riƙa jan junanshi, ko baka iya baki ba.

Kafin a tashi

Kwana biyu zaka nema wajen baƙin, in sun ce wuni ɗaya garesu toh su zaɓi gari ɗaya, kar ka yarda a haɗa Daura da Katsina rana guda, gudu kawai za'a yi ana ɗaukar hoto a dawo da ciwon kai. Lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk da hazo kan ɓata hoto. Bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu, in ka tsaida tsoho cikin rana tsaka yana sauraren tarihi Allah sai ya tambaye ka. Da damina hanyoyin ƙauye ne matsalar.

Ka riƙe kuɗi a hannu, canji ƙanana, don masu kula da wuraren nan dattawa ne yawanci, ba wanda zaka tsaya kana ce ma kawo lambar asusu in yi maka tiransifa, ga sabis ɗin ma wani wurin sai a hankali. Ka sayi goro mai kyau ko dabino. Shiga ta mutunci, maza da hula, mata da mayafi ko hijabi, da takalmin da ba ya wahalar cirewa don zaku yi ta cire shi. Sannan abun da kowa ya sani a jihar nan yanzu, kafin ka bar kwalta ka shiga ƙauye ka tambayi ɗan gari halin da hanya ke ciki a ranar, ba jiya ba, kuma la'asar ta yi maku kuna hanyar gida. In Juma'a ce a gama komai kafin sha biyu, daga nan kowa hankalinshi na masallaci.

Daura ta Abdu tushen Hausa

Daga Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne ta Mashi, awa ɗaya da ɗan wani abu in direba ba mai garaje bane. Ku fita bayan an karya. Dabarata a mota ita ce bana taɓa maganar maciji, ko yara sun matsa nace ku bari mu isa. Abun da nake basu a hanya labarin sarakuna mata ne, don yawancin mutane a zatonsu tarihin Daura da Bayajidda ya fara, alhali shi baƙo ne ya iske gari da ganuwarshi da sarauniyarshi. Jerin da ake bayarwa a Daura yana farawa da Kufuru, sai Ginu, Yakumo, Yakunya, Wanzamu, Yanbamu, Gizirgizir, Innagari, sannan Daurama, kuma ance mazauninsu na farko Tsohon Birni ne, nan arewa da Daura ba nisa, Daurama ce ta taso da fadar zuwa inda garin yake yanzu. Ka sa 'yan matan da ke motar su haddace sunayen, kaga yadda zasu riƙa yi ma mazan gori har ku isa. Gizirgizir ɗin nan ita ke basu dariya kullum.

In kun shiga gari kowa ka tambaya zai nuna maka Kusugu, tana cikin tsohon gari, an gina mata ɗaki an killace ta. Ku yi sallama, ku cire takalma, ku gaida wanda kuka iske da kyau, Baba ina kwana, mun same ku lafiya, baƙi ne na kawo daga Jos suna son su ga rijiya. Ga inda mutane da yawa ke kuskure, musamman mu 'yan boko: kar ka karɓe bakin mai wuri. Ka bar shi ya bada labarin yadda ya gada, ko ka ji ya saɓa da wanda ka karanta ka yi shiru, naka bayanin ka aje shi sai an koma mota.

Labarin dai kusan kowa ya san gundarinshi. Ance Abuyazidu ɗan sarkin Bagadaza ne, ya baro gida da rundunarshi ya sauka Borno, Mai wato Sarkin Borno ya bashi ɗiyarshi, daga baya ya ga ana raba shi da mutanenshi da dabara sai ya gudo yamma da matar, ya bar ta a Garun Gabas wajen Haɗeja inda ta haifi Biram, ya biya Gaya maƙera suka ƙera mashi wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ɗana ai nan garin ba'a samun ruwa sai ranar Juma'a, akwai maciji a rijiya sunanshi Sarki. Ya ce bani guga. Ya zura, macijin ya riƙe, ya jawo shi ya sare kan ya sa a jaka, ya sha ya ba dokinshi ya kawo ma tsohuwa saura. Da safe gari ya ɗauka, ance Galadima ya je ya hango daga nesa ya kasa matsawa, Ƙaura ne ya ƙarasa ya taɓa ya tabbatar ya mutu. Daurama ta ce wanda ya yi wannan aiki rabin gari nashi ne, maƙaryata suka yi ta zuwa ana ce masu ina kan, har aka kai ga baƙon Ayana. Shi kuma ya ce baya son rabin gari, ita yake so.

Wannan labarin in a falo ka bada shi tatsuniya ce, amma in mutum na tsaye bakin rijiyar yana leƙa duhun nan yana jin sanyin da ke tasowa daga ciki, wani abu ne daban. Ranar da muka je da su Kawu, dattijon ya zura guga, shiru shiru igiya na tafiya, autan nan ya riƙe mani riga gam yana leƙe ta bayana, da gugan ya fito yana ɗigar ruwa sai da ya ja da baya taku biyu, a ranshi wani abu zai biyo shi. Aka zuba a moɗa kowa ya kurɓa, Kawu ya wanke fuska ya cika gorar roba ya ce ta Hajiya ce. Ku tafi da gora, don kusan duk baƙon da na kai sai ya nemi ya tafi da ruwan. Mutanen garin zasu ce maka bata taɓa ƙafewa ba. In zaku fita ka damƙa ma dattijon abun goro a hannu cikin sirri, ba a gaban yara ana ƙirgawa ba.

Toh a mota sai ka yi naka. Ni abun da nake ce ma baƙi, duk inda na ce "ance" ku riƙe shi a ance. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan Bayajidda, wasu na danganta shi da Abu Yazid, wani Babarbaren Arewacin Afirka da ya yi ma daular Faɗimiyya tawaye aka kashe shi a 947, suna ganin ƙila mutanenshi ne suka watso kudu da sunanshi, wasu na ganin labarin hanya ce ta bayyana yadda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma na maza. Abun da ni dai bana yarda a faɗa a motata shi ne wai Bayajidda ne ya kawo Hausawa. Ina! Mutumin da sunanshi ma ake fassara shi da "ba ya ji da", wato da can baya jin harshen, ya iske maƙera a Gaya, ya iske rijiya da guga da sarauniya da Galadima da Ƙaura, ta yaya zai zama shi ya kawo mutanen? In ma akwai abun da labarin ke bayani, asalin gidajen sarauta ne ba asalin jama'a ba.

Daga nan sai ka ƙarasa masu. Daurama ta bashi kuyanga Bagwariya ta haifi Karɓagari, ita kuma Daurama daga baya ta haifi Bawo, ka ji kishi tun a suna, wannan ta ce a karɓe gari waccan ta ce a bawo shi. 'Ya'yan Bawo shida su suka watsu, Gazaura a Daura, Kumayau a Katsina, Bagauda a Kano, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir, Zamnakogi a Rano, in ka haɗa da Biram Hausa Bakwai kenan. Har rabon aiki ance an yi masu, Kano da Rano sarakunan baba wato rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Ka ja kunnen yara su riƙe sunan Kumayau don zasu sake gamuwa dashi kafin yamma. Zancen Banza Bakwai kuwa, Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarbawa, ka duba wa ke cikin motar kafin ka buɗe baki. Ni da yake Banufe ne a gaba kuma ni Bakatsine, abokin wasana ne, na samu nama, na ce Alhaji ka ji inda aka aje ku, ya ce yaro ka kiyaye ni, ku da kuka rasa ruwa sai da baƙo ya zo ya ɗebo maku. Amma in baƙon ba abokin wasanka bane ka faɗa mashi gaskiya, suna ne da masu bada labarin suka laƙaba ma maƙwabta, waɗannan dauloli ne masu tarihin kansu.

Sai fada. Daga waje ba mai hana ku kallo, amma shiga ciki ko gaida Sarki ba abu bane na faɗowa kawai, sai ka nemi wani ɗan gari da ya san hanya tun kafin ranar. Ka gaida dogarai, ka tambaya kafin ka ɗaga waya, in an shigar daku a cire takalmi tun daga nesa a durƙusa, Allah ya ja zamanin Sarki, kuma ba kai zaka miƙa hannu ba. Kar ka yi ma baƙi alkawarin zasu ga takobin Bayajidda, yana cikin kayan sarauta da ke aje a fada, ba kullum ake fiddo su ba. Abun da ya kamata su sani a nan shi ne Daura ta bambanta da sauran. Lokacin jihadi, a 1805, Malam Ishaku ya ci garin, Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarshi suka zauna Zango da Baure kusan shekara ɗari, sai da Turawa suka zo aka maido da sarautar gidan Haɓe ta hannun Malam Musa a 1904. Bayanshi Abdurrahman ya yi shekara 55 bisa gado, 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar. In Allah ya sa zuwan baƙinka ya dace da Sallar Gani cikin watan Maulidi, ko Hawan Magajiya bayan Sallah, toh ka huta da dogon bayani, tambura da dawaki zasu yi maka aikin.

Wasu baƙin yanzu sai sun ce a kai su gidan marigayi Muhammadu Buhari, tunda nan aka rufe shi a Yulin 2025. Gidan iyali ne ba wurin yawon buɗe ido ba, in ba'a shirya da masu gida ba ku yi mashi addu'a daga mota ku wuce. Ku sha fura da nono kafin ku bar garin, wannan ba shawara bace dole ce. In Lahadi ce kuma akwai mai son ganin shanu da raƙuma kasuwar Mai'aduwa na nan kusa, sai dai ta cinye maku sauran wunin.

Durɓi ta Kusheyi

Wannan ita mutane ke tsallakewa, kuma a ganina ita ce ta fi kowace nauyi. Tana ƙasar Mani, kun ga kenan a hanyar dawowa take, ratsewa zaku yi. Kar ka dogara da taswirar waya. Ni na yi wannan gangancin, muka bi wata burtali har muka tsinci kanmu tsakiyar gonar wani bawan Allah, tayar baya ta nutse cikin yashi, Kawu da babbar riga yana turi yana ce mani ai ga tarihi nan muna gani. Ka tsaya Mani ka nemi wanda zai raka ku, in kun isa ku fara gaida mai gari, shi zai haɗa ku da wanda ya san wurin.

Ka shirya ma fuskar da baƙi zasu yi. Ba gini, ba hasumiya, tuddai ne na ƙasa cikin gonaki da kukoki, mutum zai ce wai wannan muka sha wuya dominshi? Sai ka ce masu ku zauna. Nan ne mazaunin Durɓawa, sarakunan Katsina na farko tun birnin bai zama birni ba, Kumayau ɗin nan jikan Bayajidda, da Ramba-ramba, da Bataretare, da Jarnanata, har zuwa Sanau, kuma tuddan nan kusheyin manyansu ne, shi yasa ake ce mata ta Kusheyi. An tona wasu a 1907 zamanin Sarki Dikko da Baturen mulkin nan Palmer, aka sake tona wasu a 1992, aka kai kayan Jamus aka gyara aka bincika. Abun da aka samu ya wuce wasa: zinariya, mundaye na tagulla da na hauren giwa, duwatsun wuya, wuri, da tasa ta ƙarfe da aka ƙera can ƙasashen Larabawa ta ƙetaro Sahara, kuma binciken ya nuna wasu kaburburan sun kai ƙarni na 14. Wuri daga teku yake zuwa, teku kuwa ina Mani ina teku. Kaga a Kusugu baki ne ya faɗa, nan kuwa ƙasa ce ta fiddo shaida da kanta cewa shekara ɗari bakwai da suka wuce mutanen wurin nan na ciniki da duniya. Banufen nan da ke ta tsokanata tun safe shiru ya yi, ya cire hula ya shafa kai ya maida. Kabari ne dai ko na wane zamani, kar a bar yara su hau suna tsalle, kuma ko tsingaro aka gani a bar shi inda yake.

Rana ta biyu, ta Dikko ɗakin kara

Ku fara da Ƙofar Soro da sassafe, gaban Gidan Korau wato fadar Sarkin Katsina, don a ɗora daga inda aka tsaya jiya. Sanau shi ne na ƙarshen Durɓawa. Ance Korau mutumin 'Yandoto ne, can ƙasar Zamfara ta yanzu, ɗan kokawa, baƙon Sanau ne kuma abokinshi, aka haɗa baki da matar Sanau ta sace layar da yake taƙama da ita, ranar kokawa Korau ya kada shi ya yanka shi, shi yasa kirarinshi ke cewa yanka mashidi baƙon Sanau, mashidi wato mai masauki. Takobin da ake kira Gajere har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Muhammadu Korau shi ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko, shekarunshi ne masana basu haɗu ba, wasu su ce 1348 ya hau wasu su kai shi tsakiyar ƙarni na 15, in baƙo ya tambaya ka bashi duka biyun. Sauran a taƙaice: Ummarun Dallaje ya karɓi garin a jihadi wajen 1807, Haɓe suka koma Maraɗi inda har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce mashi, 1906 Muhammadu Dikko ya hau, sai Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir Usman a 1981, Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Dikko kuma kafin ya zama sarki Durɓi ne, kaga sunan jiya ya sake dawowa.

Daga nan Gobarau ba nisa, ku bar mota ku taka ko ku hau napep don lungunan cikin gari basu son babbar mota. Tsawonta wajen mita 15, ginin ƙasa, abun da ya rage kenan na babban masallacin Juma'a na da wanda kuma makaranta ce da ɗalibai ke zuwa daga nesa, ana kuma hawa a hango mahara. Ana danganta ginin da zamanin Korau, an sha yi mata gyara. A nan zaka kawo zancen Shehu Maghili da ya zo ƙasar Hausa wajen 1490 da 'yan kai ya zauna Kano da Katsina, da wasiƙar da Imam Suyuɗi ya aiko ma Sarkin Katsina Ibrahim daga Masar, don baƙi su san ba ƙauye ake magana ba. Akwai kuma labarin da yara ke so, wai malamai sun yi ta gardamar alƙibla lokacin ginin, sai wani Malam Jodoma ya nuna da sandarshi kowa ya hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. Wannan ma ance ne. In mai kula da wurin ya yarda a hau, a hau kaɗan kaɗan, matakalar ƙunci gareta kuma ƙasa ce, mai ciwon gwiwa ya zauna ƙasa ya riƙe takalma. Daga sama zaka nuna masu rufin kwanon da ya cinye soraye, ni duk hawan da na yi sai raina ya ɗan sosu.

Ganuwa kam gaskiya saura kaɗan, an cinye ta da gini da ɗibar ƙasa, mu da kanmu muka yi ba wani ya zo ya yi mana ba. Ana danganta ta da Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16, kuma Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kanshi Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya ƙiyasta kewayenta wajen mil 13. Abun da ya rage sosai ƙofofi ne, su ma yawanci an sake su da siminti, don haka zagaye ɗaya a mota ya isa: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yandaka. Ka nuna masu yadda wasu ke ɗauke da sunan manyan hakimai, Ƙaura na Rimi, Durɓi na Mani, 'Yandaka na Dutsinma. Inda ya kamata a tsaya a fito Ƙofar 'Yandaka ce, ta nan Bature Lugga ya shigo da sojojinshi a 1903.

In baƙin masu son ziyara ne ka biya dasu wajen waliyyai, Ɗan Marna da Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, da Ɗan Takum. Kirarin garin ma ai tudu garin Ɗan Marna ake cewa, kuma a maƙabartar Ɗan Marna aka rufe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Ka san halin baƙonka dai, wani yana so wani baya so, kar ziyara ta koma muhawara cikin rana. Sallama, addu'a, a fito, ba hoto.

Sai a rufe da tsohuwar Kwalejin Katsina, wajen Ƙofar Sauri, wadda yanzu gidan tarihi ce ta gwamnatin tarayya. Ka bincika tun jiya ko suna buɗewa ranar, tunda ma'aikata ne. An fara karatu a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, don horar da malaman makaranta aka yi ta, ginin ƙasa mai kaurin bango da baka wanda ko da rana tsaka ka shiga sai ka ji sanyi. A ɗakunan nan Ahmadu Bello ya yi karatu ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida duk nan suka zauna. A 1938 aka maida ta Kaduna, 1949 Zariya, ita ce Barewa ta yau. Wato da aka karɓi mulkin kai a 1960, Firayim Minista da Firimiyan Arewa duk 'yan makarantar nan ne. Da na ambaci Makaman Bida sai Alhaji Banufe ya gyara tsayuwa ya ce toh ka ji, ashe ma mu muka zo muka yi maku karatun, na ce ranka ya daɗe ai wajenmu kuka zo nema. Ka bar ma'aikacin wurin ya zaga daku, ka bar yara su yi ta tambaya, kar ka ce masu lokaci ya tafi. Autan nan dai ya tsaya tsakiyar aji yana ƙirga da yatsu, Daurama, Kumayau, Korau, Dikko, Sardauna, ya juyo ya ce Yaya ashe tsakaninsu da nisa.

Daga nan sai kilishi da tsarabar Hajiya, a kai su tasha ko a rako su bakin gari. Kafin su tashi ka buɗe but ɗin motarka ka duba da kyau. Su Kawu sun wuce Funtuwa ya kira ni hankali tashe, gorar ruwan Kusugu na nan ƙarƙashin tabarmar sallah a motata, sai da na kai ta tasha washegari na ba direban Jos, kuɗin aiken ya ninka kuɗin gorar sau ban san adadi ba.